Yawan Ambato Da Haɗin Gwiwa: Tambayoyi Kan Yadda Ake Auna Aikin Masanin Kimiyyar Kwamfuta

Duk shekara idan aka fitar da jerin sunayen masanan da aka fi ambato a duniya, sai zaurukan WhatsApp na malaman jami'a su cika da taya murna. Bayan ƙura ta lafa, ɗalibai da ƙananan malamai su biyo ni da tambayoyi, kusan iri ɗaya kullum: me waɗannan lambobi ke nufi, kuma shin su ne ke nuna wanda ya fi ilimi? Na tattara tambayoyin a nan, na amsa su gwargwadon abin da na gani a wannan fage.

Mene ne ambato, kuma wa ya fara ƙirga shi?

Idan mai bincike ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Duk aikin da ya shiga jerin nan ya sami ambato ɗaya. Al'adar ba baƙuwa ba ce gare mu, don duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a kawo magana sai an faɗi inda aka samo ta.

Ƙirgawar ce sabuwa. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a 1955, a mujallar Science, cewa a yi kundin da zai nuna wace maƙala ce ta ambaci wace. A 1964 cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fitar da kundin, wanda shi ne kakan Web of Science na yau. Manufarsa ta farko ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike neman abin karantawa: ka kama tsohuwar maƙala, ka bi sawun waɗanda suka ɗora a kanta. Daga baya ne hukumomi suka lura ana iya amfani da lissafin wajen auna mutane. Wannan tunani na bin sawun ambato shi ne kuma Larry Page da Sergey Brin suka ɗauka a 1998 suka gina PageRank, hanyar da Google ke jera sakamakon bincike, suka ɗauki mahaɗin da ke kai mutum wani shafin intanet a matsayin ambato.

Yaya ake lissafa ma'aunin h?

Jorge Hirsch, malamin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya ƙirƙiro shi a 2005, lamba ɗaya ce da ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu. Ana jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambato zuwa ƙasa, a yi ta sauka har inda lambar layin ta wuce yawan ambaton.

A ɗauka wata malama tana da maƙalu 8, an ambace su sau 120, 40, 18, 9, 6, 4, 2 da 0. Ta biyar tana da ambato 6, ya kai 5. Ta shida tana da 4, bai kai 6 ba. To ma'auninta 5 ne: tana da maƙalu 5 da kowacce aka ambata aƙalla sau 5.

A lura da abu ɗaya. Ko da maƙalarta ta farko za ta tashi daga 120 zuwa 12,000, ma'auninta na nan a 5. Hirsch ya tsara shi ne don ya fifita mai yawan aiki a jere kan mai sa'a ɗaya, amma a kimiyyar kwamfuta sau da yawa maƙala guda ce ke sauya fage gaba ɗaya. Maƙalar da Edsger Dijkstra ya buga a 1959 kan gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu shafi uku ce kacal, kuma har yau babu ɗalibin kwamfuta da zai gama digiri bai karanta algoridim ɗin ba. A lissafin h, daraja ɗaya take ƙarawa. Saboda wannan giɓi ne Leo Egghe ya kawo ma'aunin g a 2006, wanda ke ba manyan maƙalu ƙarin nauyi. Google Scholar kuma na nuna i10, wato yawan maƙalun da suka kai ambato 10.

To, h nawa ne za a ce mai kyau?

Babu amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka lamba ba tare da ya tambayi fanninka da shekarunka a aiki ba, ya yi gaggawa. Hirsch kansa ya ce h na 20 bayan shekara 20 alama ce ta nasara, amma masana fiziks yake nufi. Ma'aunin ba ya raguwa, hawa kawai yake yi, don haka tsoho kullum na gaban yaro ko da ya daina bincike tuntuni.

Bambancin fanni ya fi wannan girma. Maƙalar ResNet kan koya wa kwamfuta gane hotuna, wadda Kaiming He da abokan aikinsa uku suka rubuta a cibiyar binciken Microsoft da ke Beijin a 2015, an ambace ta fiye da sau 200,000 a Google Scholar. Yoshua Bengio na Montiriyal ya haura ambato miliyan ɗaya a 2025. Waɗannan mutane ne da suka yi aiki na gaske, babu ja. Sai dai suna fagen koyon na'ura ne, wato koya wa kwamfuta aiki daga misalai, inda dubun dubatar mutane ke fitar da maƙalu kowace shekara. Wanda ke aiki kan ka'idar lissafin kwamfuta, ko tabbatar da ingancin manhaja ta hanyar hujjojin lissafi, masu iya karanta shi a duniya ba su da yawa. Kasuwar Kwari da kasuwar ƙauye ba a gwada su da yawan masu shiga.

Me ya sa Google Scholar da Scopus ke ba ni lamba daban-daban?

Don ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, na kwashe duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet: mujallu, kundayen digiri, rahotanni, maƙalun da ake ɗorawa a rumbun intanet na arXiv ba a tantance ba tukuna. Scopus na kamfanin Elsevier, shi ma na 2004, da Web of Science na Clarivate, zaɓaɓɓun mujallu da taruka kawai suke dubawa. Shi ya sa lambar Google Scholar kusan kullum ta fi girma.

Ga masanin kwamfuta akwai wani wurin da ya kamata a sani, wato DBLP, wanda Michael Ley ya fara a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993. Ba ya ƙirga ambato, amma yana jera abin da mutum ya buga, da inda ya buga, da waɗanda suka yi tare, a tsabtace. Ni idan zan duba aikin wani, nan nake farawa.

Na ji an ce a kwamfuta maƙalar taro ta fi ta mujalla. Gaskiya ne?

A yawancin rassan fannin, gaskiya ne, kuma wannan ce tambayar da na fi so a fahimta, domin rashin fahimtarta na cutar da mutane.

A likitanci ko kimiyyar sinadarai, abin da ake kaiwa taro taƙaitaccen bayani ne, cikakken aikin sai a mujalla. A kwamfuta abin ya sha bamban. Manyan taruka irin su NeurIPS, CVPR, ACL, STOC, SIGCOMM da SOSP cikakkiyar maƙala suke karɓa. Ana ba masana uku ko fiye su tantance ta, galibi ba tare da sun san sunan marubucin ba, kuma a irin waɗannan taruka ana ɗaukar kamar ɗaya ne cikin huɗu ko biyar. Dalili shi ne fannin na gudu, mujalla kuma kan iya riƙe maƙala shekara ɗaya ko biyu. Stephen Cook a taron STOC na 1971 ya gabatar da aikinsa kan matsalolin NP, waɗanda tabbatar da amsarsu ke da sauƙi ko da gano ta na da wuya. AlexNet, tsarin gane hotuna, a taro aka gabatar da shi a 2012, haka Transformer a 2017, wanda a kansa aka gina ChatGPT da ire-irensa.

A Amurka ma sai da aka yi wannan gardama. A 1999 ƙungiyar CRA, wadda ta haɗa sassan kwamfuta na jami'o'in Arewacin Amurka, ta fitar da takarda ɗauke da sa hannun David Patterson, Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman, tana faɗa wa shugabannin jami'o'i cewa su daina auna masanin kwamfuta da mudun sauran fannoni.

Na taɓa zama a wani kwamitin ƙarin girma inda aka kawo takardun wani matashin malami. Yana da maƙala a ɗaya daga cikin manyan tarukan sarrafa harshe, aikin da ya ci masa kusan shekara biyu, har da tattara bayanai da hannu. Fom ɗin maki ya ba ta rabin abin da ya ba wata maƙala mai shafi biyar a mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin mako biyu. Waɗanda ke teburin ba mugaye ba ne, fom ɗin suka bi, kuma an tsara shi ne da tunanin wasu fannoni. Na ga fuskarsa da aka gaya masa sakamako. Abin da ya koya ranar shi ne aikin wahala ba ya biya, kuma wannan darasi ne da bai kamata jami'a ta koya wa kowa ba.

Ba kowane taro ba ne babba, wannan ma a sani. Akwai tarukan da duk wanda ya biya kuɗin rajista an karɓe shi. Jerin CORE na Ostiraliya, mai raba taruka zuwa A*, A, B da C, na taimaka wa kwamiti ya bambance tsaki da tsakuwa.

Idan mutum takwas suka rubuta maƙala ɗaya, ambaton na waye?

A Google Scholar da ma'aunin h, kowannensu na samun cikakken ambaton, kamar shi kaɗai ya rubuta. Maƙalar Transformer mutum takwas ne suka rubuta ta, kuma sun rubuta a ƙasan shafin farko cewa gudummawarsu ɗaya ce, jerin sunayen ba ya nufin fifiko. Yanzu ana fitar da rahotannin manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ɗaruruwan sunaye. A fiziks an taɓa buga maƙala a 2015 mai marubuta 5,154.

Matsayin suna ma ba ya da ma'ana ɗaya a ko'ina. A koyon na'ura da tsarin kwamfutoci, na farko galibi shi ya yi yawancin aikin, na ƙarshe kuma shi ne babban malamin da ya jagoranta. A ɓangaren ka'ida, ana jera sunaye ne bisa haruffa, kamar yadda masana lissafi ke yi. Kwamitin da ke ba sunan farko maki mafi yawa ba tare da ya san wannan ba, ya fifita Abdullahi kan Zakariyya saboda harafi kawai.

Wasu na raba makin. Shafin CSRankings na Emery Berger, malami a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, yana kasa kowace maƙala bisa yawan marubutanta, kuma da gangan ba ya amfani da ambato. Wasu mujallu kuma na buƙatar a bayyana abin da kowa ya yi, ta tsarin CRediT mai rukuni 14: wa ya kawo tunanin, wa ya rubuta manhaja, wa ya tattara bayanai, wa ya duba rubutu.

Mece ce lambar Erdős?

Paul Erdős masanin lissafi ne ɗan Hangari da ya rasu a 1996. Ya rubuta maƙalu kusan 1,500 tare da mutane fiye da 500, yana yawo gida-gida da jakarsa yana aiki da duk wanda ya sauke shi. Wanda ya yi rubutu da shi lambarsa 1, wanda ya yi da wancan lambarsa 2, haka har ƙasa. Raha ce ta masana, ba ma'aunin ƙwazo ba.

Amma ana iya auna haɗin gwiwa da gaske?

Ana iya zana shi. Kowane mai bincike ɗigo ne, kowace maƙalar haɗin gwiwa zare ce tsakanin ɗigo biyu. Daga zanen ana ganin wanda duk aikinsa da mutum ɗaya ne, da wanda ke haɗa rukunoni biyu da ba su saba haɗuwa ba. Na biyun nan yakan fi muhimmanci fiye da yadda ambatonsa ke nunawa.

Abin da nake dubawa ni ba yawan abokan rubutu ba ne. Ina duba ko mutum ya fito daga inuwar malamin da ya duba digirinsa na uku, ko yana da maƙalun da shi ne jagora, ko ɗalibansa na fitowa a matsayin marubutan farko. Akwai kuma baƙar al'adar nan ta "sa sunana, in sa naka", inda mutum biyar za su yi ta saka juna a maƙalun da ba su karanta ba. A zane sai ta yi kama da haɗin gwiwa mai ƙarfi. Tambaya ɗaya ke tona ta: a ce mutum ya yi bayanin maƙalar a tsaye, minti biyar.

Ana iya yin maguɗi a lissafin ambato?

Ƙwarai kuwa. A 2005 wasu ɗalibai uku a MIT suka rubuta manhaja mai suna SCIgen da ke haɗa maƙalun kwamfuta na bogi, masu kama da na gaske amma babu ma'ana a ciki. A 2010 Cyril Labbé na Jami'ar Grenoble a Faransa ya yi amfani da ita ya ƙirƙiri wani masani da babu shi a duniya, Ike Antkare, ya yi masa maƙalu kusan 100 masu ambaton juna. Google Scholar ya haɗiye su, ma'aunin h na mutumin ya kai 94. Labbé ya yi haka ne don ya nuna ramin. A 2014 kuma bincikensa ya sa Springer da IEEE suka janye maƙalun shirme fiye da 120 da suka riga suka shiga kundayensu.

Akwai ƙananan hanyoyi da suka fi yawa: yawan ambaton kai ba dalili, ƙungiyoyin da ke ambaton juna da yarjejeniya, mai tantancewa da ke tilasta wa marubuci ya ambace shi kafin ya amince. A 2023 Clarivate ta cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinta na masanan da aka fi ambato saboda irin wannan. Ambaton kai a karan kansa ba laifi ba ne, wanda ke ɗora bulo kan ginin da ya fara dole ya nuna tushe. Scopus na ba da damar a cire shi a ga abin da ya rage, kuma yana da kyau a riƙa yin hakan.

Jerin "kashi 2 cikin 100" na Stanford fa?

John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ne suka fara fitar da wannan jeri na masanan da ke kan gaba wajen ambato a fanninsu a 2019, da bayanan Scopus, kuma Elsevier ke wallafa shi. Lissafi ne da aka haɗa daga ma'aunai da dama, yana la'akari da matsayin suna da reshen fanni. Ba lambar yabo ba ce daga jami'ar, babu kwamitin da ya zauna ya karanta aikin kowa. Wanda ya shiga a taya shi murna, amma a kira abin da sunansa.

Wane irin aiki ne lissafin ba ya gani?

Manhaja, da farko. Linus Torvalds ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, ya rubuta Git, mai adana sauye-sauyen da ake yi wa manhaja, a 2005. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet da duk wayar Android a kan aikinsa suke, amma masu amfani da su ba sa ambatonsa a maƙala. Haka SQLite, manhajar adana bayanai ta Richard Hipp, da ke cikin kusan kowace wayar zamani. Tim Berners-Lee ya aika maƙala kan yanar gizo zuwa taron Hypertext na 1991 a San Antonio, ba a karɓe ta ba, tebur kawai aka ba shi ya nuna abin.

Sai aikin da ya riga zamaninsa. Leslie Lamport ya miƙa maƙalarsa kan Paxos, hanyar da kwamfutoci da yawa za su amince kan abu ɗaya ko da wasunsu sun lalace, a 1990. Ba ta fito ba sai 1998. Bayan wasu shekaru Google ya gina muhimman tsare-tsarensa a kanta, Lamport kuma ya karɓi lambar Turing ta 2013, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta. Wanda ya auna wannan aiki a 1995 da sifili zai gani.

Ambato kuma ba ya bambance yabo da suka. Maƙalar da aka ambata sau 300 don a nuna kuskurenta, lambarta ɗaya da wadda aka ambata sau 300 don an amfana. Akwai kuma abin da masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana a 1968: wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara ambato, ko da wani ne ya fara faɗin maganar.

Mai bincike kan Hausa ko wata matsala ta gida, ba zai cutu ba?

Zai iya cutuwa, idan lamba kawai aka duba. Masu aiki kan Ingilishi sun ninka masu aiki kan Hausa sau ba adadi, don haka masu ambato ma haka. Ga tsadar zuwa taro, ga biza: a 2018 da 2019 Kanada ta hana masu bincike da yawa daga Afirka bizar halartar NeurIPS. Wanda bai je ya tsaya gaban allonsa ya yi bayani ba, da wuya a san aikinsa.

A nan ne haɗin gwiwa ya nuna amfaninsa na zahiri. Ƙungiyar Masakhane ta haɗa masu bincike daga ƙasashen Afirka da dama, suka fitar da MasakhaNER a 2021, tarin bayanai na gane sunaye a harsuna goma har da Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Pidgin da aka yi wa alamar yabo ko suka. Irin waɗannan ayyuka sunaye da yawa ke kansu domin aikin na mutane da yawa ne, wani ya zauna ya karanta dubban jimloli ɗaya bayan ɗaya. Kuma ana ambatonsu, don duk wanda zai gwada manhajarsa a kan Hausa sai ya bi ta kansu. Taron ICLR da aka yi a Kigali a 2023 shi ma ya rage wa mutanenmu nisa.

Sunana ya yi kama da na mutane da yawa. Me zan yi?

Wannan matsala tamu ce sosai. "M. Ibrahim" ko "A. Abubakar" na iya zama mutum hamsin. Wani kuma yau ya rubuta Muhammad, gobe Mohammed, jibi ya ƙara sunan garinsu, sai Scopus ya raba shi gida uku. Ka zaɓi rubutun suna ɗaya ka tsaya a kai. Ka yi rajistar ORCID, lambar shaida ce ta mai bincike, mai gurbi 16, kyauta, ka riƙa saka ta a duk maƙala. Ka duba shafinka na Google Scholar lokaci-lokaci ka cire abin da ba naka ba, domin barin aikin wani a shafinka, ko da na'ura ce ta saka, zubar da mutunci ne ranar da aka gano.

Idan ba lamba ba, da me kwamiti zai yi hukunci?

Ba a ce a jefar da lamba ba. Sanarwar DORA da aka tsara a San Faransisko a 2012 ta ce kada a auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Ka'idoji goma na Leiden, da Diana Hicks da Paul Wouters da wasu suka buga a Nature a 2015, sun fara ne da cewa lissafi ya tallafa wa hukuncin masana, kada ya maye gurbinsa. A 2015 ɗin ma CRA ta ba da shawara mai sauƙin aiwatarwa: wajen ɗaukar sabon malami a duba maƙala ɗaya ko biyu mafi kyau, wajen tabbatar da shi a aiki a duba uku zuwa biyar.

Haka nake yi idan aka ba ni takardun wani. Nakan ce ya zaɓo uku da kansa, ya rubuta a shafi ɗaya abin da shi ya yi a kowacce. In karanta su. Sannan in buɗe jerin waɗanda suka ambace shi, in ɗauki goma in ga me suka ce: sun yi amfani da hanyarsa ne, ko sun jefa sunansa cikin jerin mutum ashirin a gabatarwa? Idan ya ce ya rubuta manhaja, in je GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, in ga ko tana aiki, ko wani ya taɓa ɗauka. Idan fannin ba nawa ba ne, a aika wa masana biyu na waje da suka san shi. Duka wannan kan ci mini yini biyu a kan mutum ɗaya.